Littafin aikin wasan Rahmaninof a Yamai

Asabar, 5 Oktoba 2024

Zaman farko, a tsakar gidan Hajiya a Bukoki. Ajin da muka saba bita a ciki har yanzu mutanen da ruwa ya ci gidajensu ne ke kwana, kuma an ɗage komawa lakwal sai 28 ga wata. Kafin in rera wa yara ko baiti ɗaya, sai da na ba su labarin tun daga tushe.

Sergei Rahmaninof ɗan ƙasar Rasha ne, mai tsara kiɗa kuma gwanin fiyano, an haife shi a 1873. Yana ɗan shekara 19 ya gama makarantar kiɗa ta Mosko da babbar lambar zinariya, sunansa ya fara zaga gari. A ƙarshen Maris 1897 aka kaɗa sinfoninsa ta farko a San Petersbur, wato dogon kiɗan nan da gungun makaɗa ke yi ba murya a ciki. Bita ba ta isa ba, Glazunof da ke riƙe da sandar jagoranci bai haɗa kan makaɗan ba, abu ya wargaje a bainar jama'a. Rahmaninof bai iya zama cikin zauren ba, ya je ya rakuɓe a matakala yana toshe kunnuwa da yatsu. Wani mai sharhi, Sesar Kuyi, ya ƙara masa gishiri a miki: ya rubuta a jarida cewa da a ce akwai makarantar kiɗa a jahannama, aka sa ɗalibi ya tsara kiɗa kan annobar Masar, to da wannan ya faranta wa mazauna can rai. Daga ranar nan kusan shekara uku hannunsa bai ƙara fitar da wani babban aiki ba. Waɗannan shekarun uku su ne wasanmu, da waƙa da kiɗa daga farko har ƙarshe.

Wata daga cikin ƴan amshi ta ce, "Mushe, wa zai bar fada da shayinsa ya zo kallon damuwar wani Bature?" Tambaya ce mai kyau. Na ce mata ta je ta tambayi duk wani mawaƙi da ya taɓa tsayawa a filin biki jama'a suka juya masa baya, ta ji ko ya yi barci daren. Mun tsayar da magana ɗaya: ba za mu mai da shi Bahaushe ba. Yana nan a Rasharsa, da dusar ƙanƙararsa da sunayen mutanensa. Harshe ne namu, sai kayan kiɗa: goge, gurumi, kalangu, ganga, da fiyano.

Asusu: jika 85, karo-karon da muka yi tun damina. Fotokopin rubutu ya ci jika 4.

Asabar, 12 Oktoba

Rabon matsayi. Sergei ya faɗa hannun wani dogon ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni, ɗan Tawa, mai kaurin murya. Nataliya, ƴar gwaggonsa da ya aura daga baya, an ba yarinyar da ta fi kowa riƙe numfashi. Likita Dal, wanda ya yi jinyar Sergei, bai samu mutum ba tukuna.

Laraba, 16 Oktoba

Karatun rubutu kawai. Waƙar buɗewa ta zauna a bakin kowa.

Asabar, 26 Oktoba

Yau aiki ya tsaya cak, kuma dole in rubuta yadda abin ya faru, don a nan ne ƙashin bayan wasan yake.

Mun shiga fitowa ta biyu, bayan faɗuwar sinfoni. Yaron da ke Sergei ya hau dandali yana zare ido, yana yayyaga takardu, yana birgima a ƙasa, har da kumfar baki. Ƴan amshi suka yi ta tafi, wai ya iya. Ni kuwa gabana ya faɗi. In aka tafi a haka, masu kallo za su tashi da cewa sun ga mahaukaci ko wanda iska ta buge, su yi dariya, su tafi gida. Mutumin nan bai haukace ba. A cikin waɗannan shekarun ya karɓi aikin jagorancin makaɗa a gidan opera (wasan kwaikwayo da waƙa) na Mamontof a Mosko, ya koyar da ɗalibai, ya yi abota da babban mawaƙi Shaliyapin, a 1899 ma ya je Landan ya yi wasa. Yana wanka, yana sa kwat, yana gaisawa da mutane. Kiɗan kowa yana bi ta hannunsa lafiya lau. Nasa ne kaɗai in ya zauna gaban takarda ba ya zuwa.

Na yi ta bayani yaron bai gamsu ba. Ya ce, "To Mushe, in ban yi komai ba me mutane za su kalla?" Baba mai goge, wanda tun da muka fara bai ce uffan ba, ya ajiye izgarsa ya ce, "Ɗana, zo nan." Ya ba shi labarin wani makaɗi da suka yi yawo tare a ƙasar Adar tun suna samari. An kunyata shi a gaban wani basarake, aka tsai da shi tsakiyar waƙa aka kira wani. Baba ya ce mutumin bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Kullum yana zuwa, yana ɗaure wa wasu ganga, yana yi musu amshi, ana raba kuɗi da shi. Amma in aka ce ya ja baki, sai ya ce maƙogwaronsa ya bushe, a ba wane. "Shekara da shekaru haka. Kai kuma kana birgima. Wanda kunya ta kama ba ya birgima, ɗana, gyara riga yake ta yi."

Yaron ya yi shiru. Muka sake ɗaukar fitowar, ya zauna kan kujera, ya gyara takarda, ya fiƙe fensir, ya sake gyara takardar. Ya fi, nesa ba kusa ba. Sai dai tambayarsa tana nan daram: wasan waƙa ne, kuma jarumin ba ya iya waƙa. Da me za mu cika minti ashirin?

Asabar, 2 Nuwamba

An koma lakwal, mun samu ajinmu. Kuma ina jin mun samu amsar makon jiya.

A waƙarmu ta gargajiya, jagora ya ja baiti, ƴan amshi su karɓa, su bar masa gurbi, ya sake shigowa. Kowane kunne a ƙasar nan ya san wurin da jagora ke shigowa, ko yaron goye. To mun gina fitowa ta biyu a kan wannan gurbin. A fitowar farko Sergei yana jan baitinsa cikin ƙarfi, amshi na karɓa. Bayan faɗuwar, amshi ɗin nan dai suke yi, kalangu na tafiya, a zo wurinsa, ya buɗe baki, babu. Kalangu ya zagayo, amshi su sake, a sake zuwa wurinsa. Da muka gwada, mai kalangu da kansa ya rikice a zagaye na uku, ya ce hannunsa ne ya ƙi, jikinsa na jiran murya. Abin da nake so masu kallo su ji ke nan a cikin nasu jikin.

Tsakanin zagayen za mu sa shi yana jagorantar waƙoƙin wasu, da fara'arsa, don a ga lafiyarsa lau a idon duniya.

Saura a san zagaye nawa mutane za su iya ɗauka kafin su gaji.

Asabar, 9 Nuwamba

Rana irin ta yau a 1901 aka kaɗa konsartonsa na biyu, wato dogon kiɗan fiyano da gungun makaɗa ke rakawa, cikakke a Mosko, shi a kan fiyano, ɗan'uwansa Siloti na jagoranci. Shi ne aikin da ya fito da shi daga ramin. Don haka yau muka taɓa buɗewarsa, wadda ita ce ƙarshen wasanmu, muka kuwa ci karo da matsala biyu.

Konsarton yana farawa da fiyano shi kaɗai: dukan maɓallai da yawa a tare, sannan wani amo guda can ƙasa, a sake, a sake, kowane ya fi na baya ƙarfi, irin ƙarar manyan ƙararrawar cocinsu. Fiyanon gaske maɓalli 88 gare shi. Namu na lantarki, wanda muka aro, 61 ne, kuma amon nan na ƙasa ba ya cikinsa sam. Mai fiyano ya danna abin sauke murya, na ƙasan ya samu, amma sauran suka dusashe suka zama kunu. Ta biyu, hannun Rahmaninof ƙato ne ƙwarai, yatsun yaronmu ba sa kai inda nasa ke kaiwa. Wannan ba abin damuwa ba ne sosai, manyan makaɗa da yawa ma karya dukan suke yi, su bi maɓallan da sauri ɗaya bayan ɗaya.

Amon ƙasan ne ya ci mana yamma. A ƙarshe muka ba babbar ganga shi. Mai ganga ya sassauta tsirkiya, ya yayyafa wa fatar ruwa kaɗan, ya yi ta nema da gula har ta faɗa kusa da inda fiyano ke so. Fiyano ya buga sama, ganga ta amsa ƙasa. Ba abin da aka rubuta ba ne, amma tagogin ajin sun yi rawa, kuma maigadi ya leƙo ya tsaya har muka gama. Ko mun samu babban fiyano ranar wasa, gangar za ta zauna.

Laraba, 13 Nuwamba

An ɗauke wuta ana tsakiyar bita, ta dawo da ƙarfi, abin cajin fiyano ya yi ƙauri ya mutu. Allah ya taƙaita, fiyanon kansa bai taɓu ba. Na aro ne, da ya ƙone ban san da wane ido zan kalli mai shi ba. Sabon abin caji jika 9, da na'urar daidaita wuta ta hannu jika 14. Kuɗin tufafi ne muka taɓa. Daga yau ba a jona komai a bango kai tsaye.

Asabar, 16 Nuwamba

Bitar amshi. Babu sabon abu.

Asabar, 23 Nuwamba

Fitowar Tolstoi. A farkon 1900 aka kai Rahmaninof gidan babban marubucin nan, da fatan maganar dattijo za ta ƙarfafa masa gwiwa. Ya je tare da Shaliyapin, suka yi masa waƙa, sai tsohon ya tambaye shi ko akwai wanda ke bukatar irin wannan kiɗan. Ya fito ya fi yadda ya shiga karyewa.

Gardama ta tashi kan yadda za a nuna dattijon. Yara na so a yi shi mugu, mai harara da tsawa. Ban yarda ba. Mugu ba ya karya mutum irin haka, don kana iya cewa ƙiyayya ce ka kaɗe rigarka. Wanda kake girmamawa, ya karɓe ka hannu biyu, ya ba ka wurin zama, sannan cikin natsuwa ya ce aikinka ba shi da amfani, wannan ita ce maganar da ke bin mutum har shimfiɗa. Mun rubuta masa waƙa mai sanyi a kan gurumi, kusan irin ta lallashin yaro, kalmomin ne kawai ke yanka. Wanda ke fitowa a Tolstoi ya ce shi kansa ya ji nauyin faɗarta. Haka ake so.

Katako: katakai da ƙusoshi na matakala, jika 17 har da kuɗin kafinta. Taka biyar ce, da ƙafa a baya don kada ta kife.

Asabar, 30 Nuwamba

Nataliya ba ta zo ba ranar Laraba, yau ma babu ita. Ashe kawunta, wanda take zaune a hannunsa a Yantala, ya ji cewa a wasan ana ɗaura mata aure da wani saurayi a gaban jama'a, ya ce ba da ƴarsa ba. Ban je ni kaɗai ba, na roƙi Hajiya ta raka ni bayan la'asar.

Mun gaisa, aka kawo ruwa, Hajiya ta fara. Ta ce, "Alhaji, yarinyar nan a tsakar gidana ta fara wannan aiki, ina zaune ina kallo. In da abin kunya a ciki ni zan fara kore su." Ni kuma na ba shi rubutun ya duba, na nuna masa babu riƙe hannu, babu ɗaurin aure a dandali, da baki kawai ake ambatarsa a waƙar ƙarshe. Ya tambayi wace ce ita wannan Nataliya. Na ce ƴar gwaggon mutumin ce, gida ɗaya suka zauna, danginta ne suka tsaya masa lokacin da ya karye, kuma ta hanyarsu aka kai shi wurin likita. Sun yi aure a 1902, sai da aka nemi izini na musamman saboda cocinsu ba ya barin auren zumunci haka kawai. Alhaji ya ce, "Ashe su ma suna yi." Daga nan fuskarsa ta saki.

Sharuɗɗansa: ta dawo gida kafin isha, ƙanenta ya riƙa rako ta, kuma shi zai zo ya ga bita da idonsa. Duk mun karɓa. Kuɗin taksin su biyu ya hau kan asusu, kusan jika 2 kowane mako. Bitar dare ta koma ƙarfe huɗu.

Asabar, 7 Disamba

Hunturu ya sauka sosai, ƙura har cikin maɓallan fiyano. Mun ɗinka masa riga da tsohon zane.

Likita Nikolai Dal shi ne ya fi ba ni wahala a rubutu. Daga Janairu zuwa Afrilu 1900 Rahmaninof yana zuwa wurinsa kullum. Yana zaunar da shi a kujera, ya sa shi cikin wani hali tsakanin barci da farke, yana maimaita masa magana ɗaya: za ka fara rubuta konsartonka, aikin zai zo maka da sauƙi, zai yi kyau. Suna kuma hira mai tsawo kan kiɗa, don likitan ma makaɗi ne, yana kaɗa biyola, wani dangin goge na Turai. Da damina ta wannan shekarar kiɗa ya fara dawowa, a Disamba aka kaɗa kashi biyu na konsarton, kuma da ya kammala, sunan Dal ya rubuta a kansa.

Haɗarin a nan shi ne a ɗauke shi boka. In muka sa goge a ɗakin da ake kwantar da marar lafiya ana yi masa magana a kunne, rabin zauren bori za su gani. Na faɗa wa Baba damuwata, tunda shi na ba matsayin, don ba wanda ya dace da likita mai kaɗa tsirkiya kamarsa. Ya ce in bar masa. Abin da ya yi: bai taɓa ko ɗaya daga cikin kiɗan da aka sani na girka ba. Baitin Sergei na fitowar farko, wanda ya ɓace, shi yake ja da goge, a hankali, rabi kawai, ya tsaya. Gobe ya sake. Ba ya ƙarasa masa, ba ya matsa masa. Muka sa masa farar riga da tabarau, da agogo a tebur, fitila a kunne tar, babu hayaƙi babu duhu. Abin da nake so a gani shi ne mutum ya samu wanda zai zauna da shi kowace rana ba tare da ya ce masa "yi haƙuri, ka daure" ya tashi ba.

Matsalar yau ta iska ce. Bushewa na ɗaure fatar gogen, murya ta hau, kafin a gama fitowa ɗaya ya rabu da fiyano. Goge ba ya bin ma'aunin fiyano dama, yanzu abin ya ƙaru. Shawara: a duk fitowar likita fiyano ya yi shiru, goge da murya kaɗai. Sai a dukan ƙarshe fiyano da ganga su shigo.

Laraba, 11 Disamba

Sergei ya kwana da mura, murya ta dushe. Citta da zuma, an hana shi magana. Mun yi aikin shiga da fita.

Asabar, 14 Disamba

Gwajin farko a gaban mutane: iyaye, maƙwabta, wasu malamai, da Alhaji kawun Nataliya a layin gaba. Hayar gurup jika 10, asansi jika 3, don ba za mu sake dogara da wutar gari ba.

Fitowar farko ta tafi daidai, sai dai matakala na ƙara duk lokacin da ya motsa, yara suka yi dariya a wurin da bai kamata ba. Kafinta zai ƙara mata ƙusa da ƙyalle a gaɓoɓi.

A fitowa ta biyu muka bar gurbin zagaye shida. Na farko, mutane suka ɗauka mantuwa ya yi, na ji ana "kai, kai". Na biyu, aka fara gunaguni. Na uku, zauren ya yi tsit, an gane. A na huɗu wata tsohuwa daga baya ta kasa daurewa, ta ja baitin da kanta, da muryarta mai rawa, don ta riƙe shi tun fitowar farko. Wasu suka bi ta. Yaron bai san abin da zai yi ba, ya juyo ya dube ta, idonsa ya cika, bai karɓa ba. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan a dandali ba, kuma ba mu muka tsara shi ba. Na biyar da na shida kuwa sun yi yawa, an fara duba salula.

Mun yi ta muhawara bayan an watse. Wasu na so mu dasa mutum cikin jama'a ya riƙa yin abin da tsohuwar ta yi. Ni ban so. In an dasa, ƙarya ce, kuma masu kallo na jin warin ƙarya. Za mu rage zuwa huɗu, mu koya wa yaron abin da zai yi in wani ya shigo da abin da zai yi in ba wanda ya shigo.

Alhaji bai ce komai kan wasan ba. Da zai tafi ya ba ƙanen yarinyar jika 5 ya ce a sa a asusu.

Asabar, 21 Disamba

Lissafi: abin da ya rage jika 24. Ana bukatar kwat uku na gwanjo da hular sanyi, hayar zaure, sono mai mikro aƙalla shida, da gurup. Ba za su gaza jika 150 ba. Za mu buga katin gayyata mu zaga wurin iyaye da ƴan kasuwar unguwa bayan hutu.

Na so a yi wasan ranar 28 Maris, ranar da Rahmaninof ya rasu a Amurka a 1943. Ta 2025 ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, ba zai yiwu ba. Bayan salla kuma zafin Afrilu ne. Mun tsayar da tsakiyar Fabrairu.

Abin da ya rage a rubutu shi ne makomar ita sinfonin. Bai sake bari an kaɗa ta ba har ya mutu, kuma da ya bar Rasha a 1917 bai tafi da ita ba. Bayan rasuwarsa aka tsinci takardun makaɗan a Leningrad (sunan San Petersbur a lokacin), aka harhaɗa, aka kaɗa ta a Mosko a 1945, jama'a suka karɓe ta. Ashe aikin ba shi ne ya lalace ba. Shi ma bai manta da ita ba, don a babban aikinsa na ƙarshe, na 1940, ya saka wani yanki nata, a lokacin da kusan ba mai iya gane shi. Mai fiyano na so mu rufe da wannan. Baba na ganin a tsaya a konsarto, kada a ɗora wa mutane mutuwa bayan sun samu sauƙi. Zan rubuta duka biyun cikin hutu, mu gwada su ranar 4 Janairu. Kafin nan a kai matakala wurin kafinta, a kuma nemo wanda zai ara mana fiyano mai 88.